Yadda Ake Neman Gurbin Digiri na Biyu a Fannin OT a Amurka da Birtaniya

Wanda ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, bayan likita ya sallame shi, ma'aikacin fisiyo kuma ya taimaka masa har ƙafa ta fara ɗauka, da sauran aiki a gabansa: yadda zai yi alwala da hannu ɗaya, yadda zai sa riga ya maƙala maɓalli, yadda zai shiga banɗaki ba a riƙe shi ba, da yadda zai koma shagonsa. Wannan shi ne aikin ma'aikacin occupational therapy, fannin da masu shi ke taƙaitawa da OT. Suna aiki da yara masu jinkirin girma, da masu taɓin hankali, da tsofaffi, da waɗanda suka ƙone ko suka rasa wata gaɓa.

A Amurka da Birtaniya, wanda ya yi digirinsa na farko a wani fanni dabam, kamar saikoloji ko fisiyoloji ko aikin jinya ko ilimin zamantakewa, yana iya shiga wannan sana'a ta hanyar digiri na biyu. Neman gurbin ba shi da wani sirri, amma jerin matakan yana da muhimmanci ƙwarai. Masu nema da yawa kan fara da biyan kuɗin fom, alhali shi ne ya kamata ya zo kusan ƙarshe. Ka ba kanka aƙalla shekara guda cur kafin ranar rufe karɓar takardu.

Mataki na farko: ka san irin digirin da kake nema

Digiri na biyu a OT iri biyu ne, kuma a nan ake fara tafka asara. Akwai na shiga sana'a, wanda aka tsara don wanda bai taɓa karanta fannin ba, kuma shi ne ke kai mutum ga lasisin aiki. Akwai kuma na ƙarin ilimi, wanda aka yi don wanda ya riga ya zama ma'aikacin OT. Na biyun ya fi gajarta, ya fi araha, sau da yawa shekara ɗaya ce, shi ya sa yake jan hankali. Amma idan digirinka na farko ba na OT ba ne, wannan kwas ɗin ba zai ba ka damar taɓa majinyaci ba ko da an ɗauke ka.

A Amurka tun 2007 ba a shiga sana'ar sai da digiri na biyu ko sama da haka. Za ka ga sunaye kamar MOT da MSOT, masu ɗaukar shekara biyu zuwa biyu da rabi, da kuma OTD, digirin dakta na sana'a mai ɗaukar kusan shekara uku. Duka sai an yi aikin horo na cikakken lokaci na aƙalla mako 24 a wuraren kula da majinyata, masu OTD kuma suna ƙara wani aikin ƙwarewa na mako 14. Jarrabawa ɗaya dukansu suke zaunawa, ta hukumar NBCOT, lasisi iri ɗaya kuma jihohi ke ba su. A ganina, wanda burinsa aiki da majinyata ne ba koyarwa a jami'a ba, bai kamata lakabin dakta ya ruɗe shi ya ɗauki nauyin ƙarin shekara guda ba. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne amincewar ACOTE, hukumar da ke tantance kwasa-kwasan OT a Amurka. Makarantar da ba ta cikin jerinta, ɗalibinta ba zai zauna jarrabawar NBCOT ba.

A Birtaniya, kwas ɗin da kake nema shi ne MSc na shekara biyu da ke kai mutum ga rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya irin na OT rajista a ƙasar. Ka shiga shafin hukumar da kanka, ka ga sunan jami'ar da sunan kwas ɗin a jerin waɗanda ta amince da su. Jami'o'i irin su Brunel, Oxford Brookes, East Anglia, Northumbria da Queen Margaret ta Edinbara suna da shi. Ka duba kuma ko ƙungiyar ma'aikatan OT ta duniya, WFOT, ta amince da kwas ɗin. Ita ce ta gindaya sharaɗin awa 1,000 na horo a wurin aiki, kuma amincewarta na sauƙaƙa rajista idan ka koma wata ƙasa.

Idan kuwa ka riga ka yi digirin OT a gida, misali a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, hanyarka dabam ce. A Birtaniya kana iya neman rajistar HCPC kai tsaye a matsayin wanda ya yi karatu a waje. A Amurka NBCOT na da tsarin tantancewa mai suna OTED, kuma yana neman ilimin da ya kai matakin digiri na biyu, don haka kai ne kwas ɗin ƙarin ilimi zai amfana.

Mataki na biyu: biza, tun kafin ka kashe kwabo

A da wannan maganar a ƙarshe ake yin ta. Yanzu dole ta dawo gaba. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasarta, har da Chadi da Sudan. A Disamban shekarar aka faɗaɗa jerin: Nijar ta shiga cikin waɗanda aka hana gaba ɗaya, Najeriya kuma cikin waɗanda aka dakatar wa bizar ziyara da ta karatu daga 1 ga Janairun 2026. Ghana da Kamaru ba sa cikin waɗannan jerin biyu lokacin da aka fitar da su. Dokar ba ta shafi mai katin zama na dindindin a Amurka ba, ba ta kuma shafi mai fasfon wata ƙasa ta biyu da ba a lissafa ba.

Irin waɗannan dokoki na sauyawa, saboda haka shafin ofishin jakadancin Amurka na ƙasarka shi ne alƙali a ranar da za ka yanke shawara. Makaranta za ta karɓi kuɗin fom ɗinka, har ta ba ka gurbi, ba tare da ta tambaye ka ko za ka iya shiga ƙasar ba. Wannan lissafin naka ne.

Birtaniya ita ma da nata. Tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na karatun aji, wato wanda ba na bincike ba, ba ya iya tafiya da mata ko miji ko 'ya'ya a kan bizarsa. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce, don haka mai iyali ya zauna da iyalinsa su tattauna tun yanzu.

Mataki na uku: darussan da ake so ka riga ka yi

Makarantun Amurka ba su cika damuwa da sunan digirinka ba. Abin da suke ƙirgawa shi ne wasu darussa da dole su gan su a takardar sakamakonka. Waɗanda suka fi yawan fitowa su ne anatomi da fisiyoloji na ɗan Adam, galibi zango biyu tare da aikin ɗakin gwaji, saikolojin girman mutum daga haihuwa zuwa tsufa, saikolojin larurar ƙwaƙwalwa, ilimin ƙididdiga, ilimin zamantakewa, da kalmomin likitanci. Wasu kan ƙara fiziks ko ilimin motsin jiki ko na jijiyoyi. Makin da aka saba nema a dunƙule shi ne 3.0 cikin 4.0, kuma makarantu da yawa ba sa karɓar darasin da ya wuce shekara biyar zuwa goma da yin sa.

Ka buɗe jadawali, ko a kwamfuta ko a littafi. Kowace makaranta layi ɗaya: darussan da take so, mafi ƙarancin maki, shekarun da ta yarda da su, ranar rufewa. Daga nan ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowacce imel mai tambayoyi uku: shin suna ɗaukar ɗalibai daga waje a wannan kwas ɗin, shin suna karɓar darussan sharaɗi da aka yi a jami'ar da ba ta Amurka ba, idan kana da giɓi, shin sun yarda a cike shi ta intanet. Tambaya ta biyu ita ce mai yanke hukunci, domin akwai makarantun da ba sa karɓa sai daga kwalejin Amurka da aka tantance. Ka adana amsar da suka rubuto. Abin da aka faɗa maka ta waya ba hujja ba ne.

Birtaniya ta fi sauƙi a nan. Abin da ake kallo shi ne darajar digirin, yawanci 2:1, wasu kuma na duba 2:2 idan akwai gogewar aiki. Jami'o'i da dama suna so digirin ya danganci lafiya ko kimiyya ko zamantakewa, ya ƙunshi darasin hanyoyin bincike, kuma ya zama ba ka daɗe da barin karatu ba.

Mataki na huɗu: takardar sakamako

Duk wanda ya taɓa neman tiransikirif daga jami'o'inmu ya san abin na iya cin watanni. Ka nema da wuri, ka riƙa bibiya, in akwai wanda ka sani a garin ya riƙa leƙa ofishin.

Ga Amurka, takardar ba kai tsaye take zuwa makaranta ba. Sai ta bi ta kamfanin da ke auna karatun waje da ma'aunin Amurka, wanda aka fi sani shi ne WES. Ka buɗe asusu a can, ka zaɓi tantancewa ta darasi-bayan-darasi, ba ta dunƙule ba, domin makarantar na so ta ga anatomi da idonta. Za a ba ka lambar shaida. Ita za ka kai jami'arka, jami'ar ce kuma za ta aika takardar da kanta. Wadda ta bi ta hannunka ba a karɓa. Wanda takardunsa da Faransanci ko Larabci suke sai ya haɗa da fassarar Turanci ta kalma-da-kalma.

Ka duba sunanka. Idan fasfo ya ce Muhammad, digiri ya ce Mohammed, takardar sakandare kuma ta juya sunan uba ya zo gaba, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a tambaye ka.

Mataki na biyar: ka je ka ga aikin da idonka

Makarantun Amurka da yawa suna neman awannin kallon aiki a ƙarƙashin ma'aikacin OT, galibi 20 zuwa 40, wasu fiye da haka, wasu kuma sun mayar da shi shawara kawai. Jami'o'in Birtaniya ba su cika ƙayyade awa ba, amma a intabiyu za a gane wanda ya je da wanda ya karanta kawai.

Ma'aikatan OT ba su da yawa a Arewa, don haka sai ka nema. Wuraren da ya kamata ka fara tambaya su ne asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sai asibitin ƙashi na Dala a Kano, da manyan asibitocin koyarwa. Ka rubuta takardar neman izini zuwa ga shugaban sashen, ka faɗi dalilinka da kwanakin da kake so. Ka tabbatar wanda za ka bi ma'aikacin OT ne mai rajista. Awannin da ka yi a sashen fisiyo, komai yawansu, ba a lissafa su a matsayin na OT. Masu neman Amurka su tambayi makarantar ko tana karɓar awannin da aka yi a wajen ƙasar.

In hali ya yi, ka ga wuri fiye da ɗaya: sashen masu taɓin hankali, da na yara, da na masu raunin hannu. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, da yawan awa, da irin larurar da ka gani, da abin da aka yi wa majinyacin, da dalilin yin sa. Kada ka rubuta sunan kowa. Kafin ka bar wurin ka sa mai kula da kai ya sa hannu ya buga hatimi. Wannan ɗan littafin shi zai ciyar da bayaninka da intabiyunka gaba ɗaya.

Mataki na shida: jarrabawar Turanci

Kada ka dogara da cewa jami'ar tana karɓar sakamakon WAEC a sauran kwasa-kwasanta. Ma'aunin HCPC shi ne 7.0 a jarrabawar Turanci ta IELTS ba tare da wani ɓangare ya gaza 6.5 ba, kuma jami'o'i da yawa shi suke ɗorawa a kan kwas ɗin OT. Ɓangaren rubutu ne ya fi kayar da mutane, can za ka fi ba ƙarfi. A Amurka wasu makarantu na yafe wa 'yan Najeriya da Ghana jarrabawar Turanci ta TOEFL, wasu ba sa yafewa. Sakamakon jarrabawar biyun shekara biyu yake aiki. GRE kuwa, wato gwajin shiga digiri na biyu a Amurka, makarantun OT da yawa sun daina nemansa. Kada ka biya kuɗinsa sai jadawalinka ya nuna akwai mai so.

Mataki na bakwai: wasiƙun shaida da bayanin kai

Amurka yawanci wasiƙa uku, Birtaniya biyu. Mafi kyawun haɗi shi ne malamin da ya koyar da kai, da ma'aikacin OT da ka bi, da shugabanka na wurin aiki. Malamin da ya duba aikin bincikenka na ƙarshe ya fi maka farfesan da bai san fuskarka ba. Da kansu za su aika wasiƙar ta hanyar saƙon da zai shigo musu imel, don haka ka ba da adireshinsu na aiki, ka sanar da su wata biyu kafin lokaci, ka kuma gaya musu su duba akwatin tarkacen saƙonni, don can yakan faɗa.

Bayanin kai shi ne inda aka fi yin sakaci. Kusan kowa yakan rubuta cewa tun yana yaro yake son taimakon mutane. Masu karantawa sun ga wannan jimlar har sun gaji, kuma ba ta bambanta ka da mai neman aikin jinya ko likitanci ba. Tambayar da ke ransu ita ce: me ya sa OT, ba fisiyo ba? Amsarta tana cikin littafin da ka rubuta a asibiti. Ɗauki abu ɗaya da ka gani. A ce tela ne da jijiyar hannunsa ta yanke: ka faɗi yadda aka yi masa abin tallafar yatsu, yadda aka kauraro mariƙin almakashinsa, yadda aka fara da yanka takarda kafin yadi, da abin da ka fahimta game da dalilin bin wannan tsari. Sai ka haɗa da karatunka da aikinka, da abin da kake son yi da digirin. Idan ka yi jinyar wani naka, ka ambata a taƙaice, amma kada jinyar ta cinye shafin.

Idan akwai zangon da makinka ya faɗi, ko shekarun da yajin aiki ya ƙara maka, ka yi bayaninsa a jimla biyu ba tare da kuka ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar sakamakon tana gabansu. Ka rubuta da kanka. Wanda wani ko wata manhaja ta rubuta masa, bakinsa kan kasa maimaita abin a intabiyu.

Mataki na takwas: tura fom

Yawancin makarantun Amurka suna karɓa ta dandali ɗaya mai suna OTCAS, wanda ke buɗe sabon zango a watan Yuli. Fom ɗaya za ka cike, ka zaɓi makarantu, ka biya: a 'yan shekarun nan sama da dala 150 ga ta farko, kusan dala 70 ga kowace ƙari, ban da kuɗin da wasu makarantun ke karɓa nasu na dabam. Bayan ka tura, sai takardu da wasiƙu sun cika kafin fom ɗin ya kai matakin da makaranta za ta duba shi, kuma hakan na iya ɗaukar makonni. Makarantu da yawa suna ba da gurbi ne yayin da takardu ke shigowa, ba sa jiran ranar rufewa. Wanda ya tura a Agusta da wanda ya tura a Disamba ba kujeru ɗaya suke nema ba. Makarantu huɗu ko biyar da ka cika sharuɗɗansu sun fi goma sha biyu na cin sa'a.

A Birtaniya galibi a shafin jami'ar ake nema kai tsaye. Wasu kwasa-kwasan na farawa a Satumba, wasu a Janairu ko Fabrairu. Kujerun ba su da yawa, domin adadinsu ya dogara da wuraren horon da jami'ar ta samu, kuma kason ɗaliban waje ƙarami ne. Ba ka bukatar dillali. In ka ga dole sai da shi, to imel ɗinka da lambar sirrinka su zauna a hannunka.

Mataki na tara: intabiyu

Ta bidiyo ake yi wa na nesa. Wani lokaci mutum biyu ne ko uku za su yi maka tambayoyi, wani lokaci kuma gajerun tashoshi ne, kowacce da yanayin da za a ba ka ka warware: majinyaci ya ƙi yin atisaye, ko ka ga abokin aiki ya yi kuskure. Ba a neman ka san magani. Ana duba ko kana sauraro, ko kana mutunta zaɓin majinyaci, ko ka san lokacin da za ka kai magana gaba. Jami'o'in Birtaniya suna auna amsoshin da ƙa'idojin hukumar lafiyarsu ta NHS, kuma takardar tana intanet kyauta, karanta ta. Ka tanadi layin data biyu da wutar da ba za ta ɗauke ba, ka kuma lissafa bambancin agogo da kyau, don Birtaniya da Amurka suna sauya nasu sau biyu a shekara.

Mataki na goma: bayan an ba ka gurbi

Yanzu maganar kuɗi ce, kuma gara a faɗe ta yadda take. A jami'o'in Amurka masu zaman kansu kuɗin OTD kan haura dala 100,000, tallafi ga ɗalibin waje a irin wannan kwas kuma kaɗan ne. A Birtaniya kuɗin makaranta na shekara biyu za ka lissafa. Tallafin karatu na Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ke bayarwa, na digirin shekara ɗaya ne, don haka bai shafi wannan ba. Kada kuma ka gina lissafinka a kan aikin gefe: a makonnin horo, yini guda kake a asibiti, sau da yawa a wani gari, kuɗin mota daga aljihunka.

Ga Amurka, makaranta za ta ba ka takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar karatu, bayan ka nuna shaidar kuɗin shekarar farko. Sai ka biya dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban waje, ka cike fom ɗin neman biza na DS-160, ka biya kuɗin biza, ka nemi ranar ganawa a ofishin jakadanci.

Ga Birtaniya, bayan ka biya kafin alƙalami jami'a za ta ba ka lambar CAS, shaidar an ɗauke ka, wadda da ita ake neman biza. Dole sauran kuɗin shekarar farko da kuɗin zama na wata tara su kwana 28 a jere a asusunka ba tare da sun ragu ba ko na yini ɗaya. Kuɗin zaman ya haura fam 1,100 a wata a wajen Landan, a Landan kuma ya haura 1,500. Akwai harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, wanda a Najeriya ake yi a birane irin su Abuja da Legas.

Tun da da majinyata za ka yi aiki, duka ƙasashen biyu za su nemi takardar 'yan sanda ta shaidar ba ka da laifi, da katin rigakafi. Allurar ciwon hanta nau'in B a tsarin da aka saba sau uku ce cikin wata shida, don haka ka fara ta tun kana jiran amsa. Ka kuma adana kundin darussan kwas ɗin da takardun awannin horonka tun daga zangon farko, domin idan ka dawo Najeriya sai ka yi rajista da MRTB, hukumar da ke ba ma'aikatan OT da na fisiyo lasisi, kafin ka fara aiki, kuma irin waɗannan takardu ake dubawa wajen tantance digirin da aka yi a waje.